Daga Katin Waya zuwa Faifai: Tarihin Rukunin Mdou Moctar, 2008–2025

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe na kiɗan rok wanda Faransawa ke kira rock bruitiste, wato rok mai ƙara, inda makaɗi yake ƙure ƙarfin na'urar sauti da gangan har muryar jita ta dushe ta koma kururuwa. Rukunin Sonic Youth, wanda aka kafa a birnin New York a 1981, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni, kuma irin waɗannan rukunoni sun daɗe suna aiki a bayan fage, nesa da manyan kamfanonin faifai. A Nijar, rukunin da ya fi kusa da wannan siffa shi ne na Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihinsa, domin mu nuna cewa ƙarar kiɗansa da hanyar yaɗuwarsa duk sun samo asali ne daga yanayin ƙasarmu, kuma kasuwar ƙasar Hausa tana da kaso a cikin tarihin wanda ba a cika ambata ba.

2.0 Tushe: kaset da tawaye

An haifi Mdou Moctar a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa, a yankin makiyaya da ke arewa da iyakar noma wadda dokar 1961 ta shata. Kiɗan jita da ya tarar shi ne na ishumar, kalmar da Abzinawa suka aro daga chômeur ta Faransanci, wato marar aikin yi. Samarin da farin 1973 da na 1984 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya su ne suka raya shi, rukunin Tinariwen na Mali kuwa shi ne jagoransu. Bayan kisan da aka yi a Cintabaradan a watan Mayu na 1990 da tawayen da ya biyo baya, waƙoƙin sun zama abin da ake saurare a ɓoye, ana kwafar su daga kaset zuwa kaset, ana miƙa su hannu da hannu. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou shi ne babban mawaƙin wannan zamani, kuma ganin wasansa ne ya sa wa Mdou Moctar sha'awar jita.

Daga nan za mu fahimci cewa zama a bayan fage yana da ma'ana biyu. A New York zaɓi ne da matasa suka yi domin guje wa ƴan kasuwar faifai. A Azawak da Abzin kuwa tilas ce, domin babu kamfanin da za a guje wa, sai dai hukumar da ake tsoro. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta fito da kiɗan fili, amma hanyar raba shi ba ta sake ba.

Har ila yau akwai wata tilas ta cikin gida. Iyalinsa masu riƙo da addini ne, ba su yarda da kiɗa ba, kuma mun san yadda al'ummarmu, Hausawa da Abzinawa, take kallon sana'ar kiɗa ga wanda bai gaje ta ba. Saboda haka da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne, da hagu ya koya, da hagu ya ci gaba.

3.0 Zangon Sakkwato, 2008

A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki jerin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Wannan zango shi ne ya fi muhimmanci ga nazarinmu. Tun ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano suka haifar da ɗimbin ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa a arewacin Nijeriya, inda ake haɗa kiɗan fiyano da gangar na'ura, daga baya kuma aka riƙa tace muryar mawaƙi da manhajar Auto-Tune har ta yi zaƙi kamar ta ƙarfe. Wannan shi ne salon waƙoƙin nanaye. Da wannan salo aka ɗauki Anar: harshen Tamashek da jitar Abzinawa, a cikin tufafin waƙar fim ta Hausa.

Babu kamfanin da ya buga waƙoƙin a lokacin. Sun yaɗu ne ta katin memori da Bluetooth, daga waya zuwa waya, ta hannun direbobi da fatake da masu tura waƙa a rumfunan cajin waya. Duk wanda ya san garuruwan da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, irin su Kornaka, inda manomi da makiyayi suke haɗuwa ranar kasuwa, ya san irin wannan rumfa da aikinta. Ita ce ta gaji mai kwafar kaset, kuma ta gaji halinsa: waƙa tana tafiya, sunan mai ita yana faɗuwa a hanya, ko sisi ba ya komawa gare shi.

Ta wannan hanya ce waƙar Tahoultine ta kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya same ta a wayoyin mutane. Ya sa ta cikin faifan Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds na birnin Portland ya fitar a 2011, ya kuma nemi mai ita har ya same shi. Abin lura a nan shi ne, abin da ya fara jan kunnen baƙi muryar da aka tace ce a Sakkwato, ba ƙarar jitar da aka san shi da ita daga baya ba.

4.0 Asalin ƙarar

Faifan Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, shi ne ya fara bayyana ɗaya fuskar. A Agadas da kewaye, abincin makaɗin jita yana wurin biki ne. Ana yin wasan a fili, da wutar janareta, da tsofaffin na'urorin sauti waɗanda dole a ƙure su kafin na bayan taro ya ji. Idan aka ƙure na'ura sauti yana dushewa, kuma a hankali kunnen jama'a ya saba da wannan dushewa har ta zama abin so. Ga kuma gasa tsakanin rukunoni, kowa yana ƙara sauri da ƙarfi domin ya riƙe masu rawa. Wannan yanayi ne ya haifi Group Inerane da Bombino da Etran de l'Aïr, wanda aka kafa tun 1995. Fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na Prince, kuma Mdou Moctar ya fito a matsayin jaruminsa, a kan wannan gasa aka gina shi.

Ya kamata mu ƙara da cewa ƙasar Hausa ma tana da nata magabaci. A Tawa, rukunin Azna de l'Ader ƙarƙashin jagorancin Mona ya fara buga rok mai kaifin sauti tun shekarun 1970, ya shafe shekaru masu yawa kusan ba a san shi ba a wajen Adar, kafin Sahel Sounds ya buga faifansa Zabaya. Ke nan ƙarar tana da tarihi a ƙasar nan tun kafin masu sharhi na waje su ba ta suna.

5.0 Fita duniya

Rukunin ya daidaita a kan mutum huɗu: Mdou Moctar, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bas, wanda ya taso cikin kiɗan bayan fage na birnin Washington. A 2019 suka fitar da Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a Detroit. Daga nan suka koma kamfanin Matador na New York, wanda shi ne ya buga faifan ƙarshe na Sonic Youth a 2009. A nan hanyoyin biyu da muka bambanta a sama suka haɗu. Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, waƙoƙin da suka taɓo mulkin mallakar Faransa, da arzikin yuraniyom na Arlit wanda bai haskaka gidajen talakawa ba, da makomar harshen Tamashek.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna rangadi a Amurka. Da aka rufe iyakoki, ƴan Nijar ukun suka kasa komawa gida na wani lokaci, kuma a wannan zaman jira ne suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

6.0 Kammalawa

Tarihin wannan rukuni ya kasu gida biyu ta fuskar hujja. Daga 2011 zuwa gaba komai yana rubuce: ranar fitar faifai, wurin ɗauka, sunayen ma'aikata, domin kamfanonin waje suna adana takardunsu. Abin da ya gabaci 2011 kuwa, wato bukukuwan Abalak da zaman Sakkwato da tafiyar waƙa daga rumfa zuwa rumfa, yana cikin ƙwaƙwalwar mutane ne da katunan memori masu saurin lalacewa. Idan muka dogara ga rubutacciyar hujja kaɗai, za mu maimaita labarin da ya fara daga ranar da baƙo ya ji waƙar, mu manta da shekarun da jama'armu suka yi suna sauraron ta.

Don haka muna ganin aikin da ke gaban ɗalibanmu a fili yake. Kamar yadda magabatanmu suka bi ƙauyuka da rikoda suna tattara tarihin baka, haka ya kamata a bi ɗakunan ɗaukar waƙa na Sakkwato da Maraɗi, da masu tura waƙa a kasuwannin Dakoro da Tawa, a yi hira da su, a kwafi abin da ke cikin tsofaffin kwamfutocinsu tare da rubuta wuri da shekara, tun kafin intanet ta gama kashe sana'ar tasu.