Daga Ina Baƙin Layin Bayan Wuyan Jita Ya Samo Asali?

Jama'a, in kun juya jitar lantarki ƙirar Fender, sau da yawa za ku ga wani baƙin layi a bayan farin wuyanta. Asalin layin nan gyara ne.

Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton da ke Kalifoniya, Amurka. A 1950 ya fitar da jitar Esquire, wuyanta na farin katakon maple, an ɗaure shi da sukurori huɗu don in ya lalace a kwance a sauya. Matsalar ita ce tsirkiyoyin ƙarfe suna jan wuyan har ya lanƙwashe. Dole kamfanin ya fafe wuyan ta baya, ya cusa sandar ƙarfe mai noti da za a riƙa ɗaurewa, sannan ya toshe ramin da katakon walnut mai duhu.

A 1959 suka koma liƙa katakon rosewood a fuskar wuyan, sai ƙarfen ya koma shiga ta gaba, layin ya ɓace na wasu shekaru.

Yau masu haɗa jita da hannu da gangan suke gwama farin katako da baƙi. In za ka saya, fara duba ko notin nan yana juyawa.