Daga Zangon Fatake Zuwa Otal na Bakin Tafki: Tarihin Saukar Baƙi a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya saba karanta labaran da 'yan'uwanmu sababbin marubuta ke rubutawa, zai lura da cewa da zarar an ɗaura auren taurarin labari, sai a kwashe su a kai su wani masauki can ƙasar Suwizalan, tsakanin duwatsu da kwaruruka da tafki. Dalili kuwa a fili yake. Marubucin da ya tashi a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, idan ya duba gabas ya duba yamma, ba ya ganin dutse ko kogi, sai jigawa da kuka da gawo da aduwa. Sai ya ɗauka ba shi da wurin da zai sauke baƙin labarinsa. Wannan ne ya sa muka ga ya kyautu mu waiwayi tarihin saukar baƙi a wannan ƙasa tamu.

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750. Ta zauna a ƙarƙashin Borno, kuma ba ta shiga cikin Daular Sakkwato ba. Zamanta tsakanin Kano da Borno da Damagaram shi ya mayar da ita mararrabar fatake. A cikin watan Maris na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a ƙarshen zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Ya tarar da garin ya zama babbar kasuwar kanwa, wadda ake kawowa daga gabas, a wuce da ita har ƙasar Nufe. A nan ne kuma wasiƙun gida suka iske shi bayan ya daɗe bai ji ɗuriyar kowa ba. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya iske rikicin gadon sarauta ya ɗaiɗaita garin.

To, ina waɗannan fatake suke kwana? Ayari yakan yada zango a bayan gari, inda akwai rijiya da inuwa da filin ɗaure jakuna da takarkarai, madugu yana gaba wajen neman izini. Mai kaya masu daraja kuwa, gidan fatoma yake sauka. Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi zai ciyar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, sa'an nan ya sami rabonsa daga la'ada. Jarinsa kaf amana ce, domin ranar da kayan baƙo suka salwanta a hannunsa, labari zai bi ayari har inda ayari ya tsaya. Malami da almajiri da mai niyyar aikin Hajji ta ƙasa, su kuma zaure da masallaci ne masaukinsu, bisa karin maganar nan da ke cewa baƙonka Annabinka.

Wannan tsari bai tsaya a gida ba. 'Yan kasuwarmu sun tafi da shi Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, inda masu gida ke sauke masu shanu da masu goro, har masana irin su Abner Cohen da Polly Hill suka yi nazarinsa a shekarun 1960. A Maigatari kuwa, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis, alaƙar mai masauki da baƙonsa daga Jamhuriyar Nijar ita ce ƙashin bayan cinikin raƙuma da shanu.

Da Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, sai aka shiga wani sabon babi. Bature ba ya sauka a gidan kowa. A bayan gari ake gina masa nasa masauki, wato bariki, inda zai kwana idan ya fito rangadi, a naɗa sarkin bariki mai lura da wurin. Ruwa da itace da ƙwai da kaji, duk a wuyan mutanen gari suke. A nan al'amari ya juye, domin a da mai gida ne ke da iko da baƙonsa, yanzu kuwa baƙo ne ke ba da umarni. Marubuci mai lura zai ga tabon wannan a cikin harshe, domin daga sunan masaukin Bature ne muka sami “ɗan bariki” da “zaman bariki”, wato rayuwar wanda ya fita daga idon dangi da unguwa. Da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta ratsa ta Gagarawa ta isa Nguru a 1930, sai tasha ta fara janye baƙi daga zango.

Sauka a wuri don shan iska da kallon ruwa kawai, wannan baƙon abu ne da ya zo daga baya. Ko a Turai ma, an daɗe ana ɗaukar duwatsu a matsayin wurin wahala da haɗari. Mawaƙa irin su William Wordsworth ne suka jawo hankalin jama'a ga yankin tafkuna na arewacin Ingila a farkon ƙarni na 19, kuma sai a 1863 Thomas Cook ya fara kai ayarin masu yawon buɗe ido Suwizalan. Ashe alƙalami ne ya share wa otal hanya.

A wajenmu kuwa, zamanin Gwamna Audu Bako ne, daga 1967 zuwa 1975, lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano, aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka kuma yi otal a bakin kowane tafki. Na Tiga, wato Rock Castle, a kan dutse yake yana kallon ruwa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Ruwan da aka tare a Tiga tun 1974, shi ne a da yake malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya shayar da masu shinkafa da masunta da makiyaya. Da aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar ta ƙara raguwa. Shi kansa otal na Bagauda, daga baya ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Ita kuma Gumel, tun ranar 27 ga Agusta, 1991 ta koma cikin sabuwar Jihar Jigawa.

Abin da muke jin tsoro shi ne, dattawan da suka ga bariki da idonsu, suka kuma ji labarin ayari daga bakin iyayensu, suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, kafin ku kai amarya da ango Suwizalan, ku je ku zauna a zauren wani mai masauki a Maigatari daren Laraba, ku ji yadda ake ƙirga kuɗin da ba naka ba, da yadda ake sasanta Buzu da Bayarabe a kan farashin sa guda. Ku tambayi tsofaffi inda zango yake a garinku, da wanda ya haƙa rijiyarsa, da abin da aka gina a wurin yanzu. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙin sun zo sun wuce, Barth ya rubuta nasa ya tafi, saura namu. Allah Ya ba mu ikon rubutawa.