Neman Haƙƙi Idan Aka Saɓa Yarjejeniya: Hanyoyin Da Doka Ta Tanada A Guider

Yarjejeniya ita ce amincewar mutum biyu ko fiye a kan wani abu da kowannensu zai yi ko zai bayar, kamar ciniki, haya, bashi, jinga ko ƙwadago. Ana cewa an saɓa ta idan ɗaya ya ƙi cikawa, ko ya cika rabi, ko ya makara, ko ya kawo abin da ba shi aka yi magana a kai ba. Misali, ɗan kasuwa ya ba da kafin alƙalami a kan buhun gyaɗa hamsin, kaka ta wuce babu gyaɗa babu kuɗi, ko magini ya karɓi kuɗin jinga ya bar gini a tsaye.

Abin da doka ta ce

Guider ita ce hedikwatar Mayo-Louti a yankin Arewa na Kamaru, kuma dokoki iri biyu ne ke aiki a kan yarjejeniya a nan. Ta farko ita ce dokar zamantakewa da aka gada daga Faransa, wato Code civil. Sashe na 1134 ya mai da yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tamkar doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Sashe na 1147 ya ɗora diyya a kan wanda bai cika ba, na 1148 kuma ya sauke masa ita idan abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi. Sashe na 1184 ya ba wanda aka cuta zaɓi: ko ya nemi a tilasta cikawa, ko ya nemi a warware yarjejeniyar a biya shi asararsa.

Ta biyu ita ce dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa ranar 17 ga Oktoba 1993 a Port-Louis. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Kamaru, Chadi da Nijar. Nijeriya ba ta ciki, don haka mai hulɗa da 'yan kasuwar Mubi ya kamata su rubuta tun farko kotun da za a je idan saɓani ya taso.

Hujja kafin komai

Alƙali bai halarci cinikin ba, abin da aka kawo gabansa yake dubawa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma kotu ma abin da take fara tambaya ke nan. Takarda mai kyau tana ɗauke da sunayen ɓangarorin da lambar katin shaidarsu, abin da aka yi ciniki a kai, adadin kuɗi, ranar cikawa, sa hannu da shaidu.

Idan ba a rubuta ba, ba a rasa komai duka ba. A dokar OHADA ana iya kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura: rasit, littafin shago, saƙon Orange Money ko MTN Mobile Money, hirar WhatsApp, da bakin shaidu. Kada a goge saƙo, kada a ba kowa asalin takarda, a ba da kwafi.

Fili da gida suna da nasu hukunci. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ta wajabta cewa sayar da fili mai takardar mallaka sai a gaban jami'in da ake kira notaire, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba a idon doka.

Sulhu da takardar gargaɗi

Yawancin rigingimun ciniki a Guider suna mutuwa ne a gaban dattawan kasuwa, ko liman, ko mai unguwa, ko fadar Lamido. Wannan ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma yana barin zumunci da rai. Sai dai a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, domin wannan takardar ita ma hujja ce in an sake saɓawa.

Idan sulhu ya ci tura, mataki na gaba shi ne gargaɗi a rubuce, wanda ake kira mise en demeure ko sommation. An fi aika shi ta hannun huissier, jami'in da doka ta ba ikon isar da takardun shari'a da zartar da hukunci. Yana rubuta ranar da ya isar da saƙon da amsar da aka ba shi. Wanda ya ce masa "na san da bashin, a ba ni wata biyu" ya riga ya amsa da bakinsa.

Wace kotu za a je

Dokar tsarin kotuna ta 29 ga Disamba 2006 ta raba aiki bisa yawan kuɗi. Abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba yana zuwa Tribunal de Première Instance, abin da ya haura haka kuma sai Tribunal de Grande Instance. Galibi ana kai ƙara ne a kotun inda wanda ake ƙara yake zaune. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara a kotun ɗaukaka ƙara ta yankin Arewa da ke Garwa. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Yawunde, ko kotun OHADA da ke Abidjan idan batun ya shafi dokokinta.

Akwai kuma kotunan gargajiya da dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara, masu hukunci bisa al'adar mutane. Sai dai idan wanda ake ƙara ya ƙi amincewa da su tun kafin a shiga gundarin magana, dole a koma kotun zamani.

Ma'aikacin da aka hana albashi ko aka kora ba bisa ƙa'ida ba, dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta ce ya fara zuwa wurin sufeton ƙwadago domin sulhu. In ba a daidaita ba, sufeton zai ba shi takardar da zai shiga kotu da ita, kuma ba a biyan kuɗin shigar da irin wannan ƙara.

Gajeriyar hanyar karɓar bashi

Idan bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma ya samo asali daga yarjejeniya ko cek, akwai hanyar da ake kira injonction de payer. Mai bin bashi yana rubuta wa shugaban kotu tare da hujjojinsa, shi kuma ya ba da umarnin biya ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba. Dole a isar da umarnin cikin wata uku. Tun gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2024, wanda ake bi yana da kwana 10 ya yi jayayya. In ya yi shiru, umarnin ya zama hukunci, huissier na iya kama kayansa ko kuɗinsa na banki. Don haka wanda aka kawo wa irin wannan takarda kada ya ajiye ta a ƙarƙashin katifa.

Lauya da taimakon mai ƙaramin ƙarfi

A matakin farko mutum na iya tsayawa da kansa, amma in kuɗin suna da yawa ko ɗaya ɓangaren kamfani ne, ɗaukar lauya ya fi. Ƙungiyar lauyoyin Kamaru ɗaya ce, saboda haka lauyan Garwa na iya tsayawa a Guider. A yi jingar ladansa a rubuce, a karɓi rasit, a kuma guji 'yan kamasho da ke yawo a bakin kotu suna cewa sun san alƙali. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, kada ya sa hannu a kan abin da ba a karanta masa ba.

Ga wanda ba shi da hali, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta tanadi assistance judiciaire. Akwai kwamiti a kotu da ke duba buƙatar. Ana kai ta wurin sakataren kwamitin tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari da takardar da ke nuna matsayin mutum a wajen haraji. In an amince, ana ɗauke masa kuɗin shari'a duka ko wani ɓangare, a kuma ba shi lauya ko huissier.

Abubuwan lura

Haƙƙi yana da wa'adi. A hulɗar kasuwanci shekara 5 ne, a saye da sayarwar kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2, a albashi shekara 3. Wanda ya yi ta kawaici har wa'adin ya wuce, kotu na iya ƙin sauraronsa.

Galibi kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne, don haka ofishin jandarma ba wurin karɓar bashi ba ne. Ana zuwa can ne idan akwai zamba ko cin amana, waɗanda sashe na 318 na dokar laifuffuka ya hukunta. Haka kuma ƙwace babur ko kulle shagon wanda ake bi ba da izinin kotu ba na iya mai da mai gaskiya ya zama wanda ake tuhuma.

Dokar ƙasa ta yarda a nemi kuɗin ruwa a kan jinkirin biya, amma alƙali ba ya ba da abin da ba a roƙa ba. Musulmin da ke gudun riba sai ya faɗa wa lauyansa tun farko cewa uwar kuɗinsa da ainihin asarar da ya yi kawai yake nema. Allah Ya sa mu cikin masu cika alkawari.