Na'urar Da Ke Gadin Barcin Mai Ciwon Sukari

Duk gidan da ke da yaro mai ciwon sukari irin na allura, dare ne abin tsoro. Idan insulin ya yi yawa, sukari ya faɗi yaro na barci, wani lokaci har ya suma. Idan ya yi kaɗan, sukari ya hau. Shi ya sa uwa ke farkawa tsakar dare ta huda yatsa, ta duba lamba, ta yanke shawara. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan zagaye: auna, lissafa, aikata, sake aunawa.

Kafin 1921 wannan ciwo ajali ne. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurarsa. Magani ya samu, amma lissafin ya zauna a wuyan mutum.

A farkon shekarun 1960 likita Arnold Kadish na Amurka ya haɗa famfon insulin da ake goyawa a baya kamar jaka. A shekarun 1970 aka yi Biostator, na'ura mai auna jini tana zuba insulin da kanta, sai dai girmanta ya tsare ta a bakin gadon asibiti. A 1999 aka amince da ɗan ma'aunin da ake sakawa ƙarƙashin fata yana bibiyar sukari dare da rana.

Daga nan marasa lafiya suka gaji da jira. Dana Lewis, wadda ƙarar ma'auninta ba ta iya tashinta daga barci, ita da Scott Leibrand suka haɗa ma'auni da famfo da 'yar kwamfuta, suka saki manhajar OpenAPS kyauta a 2015. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da MiniMed 670G, mai daidaita insulin duk minti biyar, ko da yake mutum ne zai faɗa mata abin da zai ci.

To mu a Mai'adua fa? Manhajar muna iya sauke ta a waya ko a tsakiyar kasuwar Lahadi. Amma ma'aunin sai an sauya shi bayan mako ɗaya ko biyu, da kuɗin waje ake sayensa, insulin kuma zafi na lalata shi, ga wuta ba tabbas. Inda babu firij, gindin randa ake nema. Malam Mohammed Bah Abba ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar sanyaya kaya ba lantarki.

Saboda haka aikinmu na farko shi ne insulin mai sanyi, da tsinken gwaji mai araha, da ma'aikacin lafiyar da zai koya wa uwa lissafin. Sai waɗannan sun tsaya sannan na'ura za ta karɓi gadin dare, uwa ta runtsa.