Mutum Biyu, Lissafi Ɗaya: Tarihin Zanen Mazubi da Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyom ya san yadda suke yi. Tsohuwar tukunya ake dannawa cikin yashi mai laima, a cire ta, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinta. In tsohuwar na da lotsawa, to sabuwar ma da lotsawa za ta fito. Mazubi shi ne uwar kaya, kuma abin da uwa ta ɗauko shi 'ya'ya ke gada.

To, wannan matsala ce ta addabi kamfanonin mota na Faransa wajen shekarun 1950. Ƙofar mota da murfin inji ana yin su ne ta hanyar matse fallen ƙarfe tsakanin manyan mazubai biyu. Kafin a sassaƙa mazuban, sai masu zane su zana, masu yumɓu su gina siffar, kafintoci su fito da ita a katako, sannan inji ya bi jikin katakon yana kwaikwaya a ƙarfe. Kowane hannu da nasa ɗan kuskuren, ga katako yana motsawa da zafi da laima. Sai a ɓata watanni ana gyara kafin ƙofa ta zauna daidai.

A 1958 kamfanin Citroën ya ɗauki wani matashi masanin lissafi, Paul de Casteljau. Cikin 1959 ya gano hanyar da za a bayyana kowace lanƙwasa da 'yan ɗigo kaɗan. In ka ja ɗigo ɗaya, layin ya biyo shi, kuma duk wanda aka bai wa lambobin zai fitar da layin nan babu ƙari babu ragi. Amma kamfanin ya ɗauki abin sirrin kasuwa, ya hana shi bugawa.

A can Renault kuwa akwai injiniya Pierre Bézier, wanda ya shiga kamfanin tun 1933, ya san aikin mazubi ciki da waje. Shi ma ya kai ga irin wannan lissafi da kansa, sai dai shi an bar shi ya rubuta ya fitar. Ya kuma gina manhajar UNISURF a ƙarshen shekarun 1960, wadda ke kai zane daga kwamfuta zuwa injin sassaƙa kai tsaye. Daga nan siffar mota ta bar katako ta koma lambobi, lamba kuwa ba ta kumbura da damina.

Wasu suka ɗora. Kamfanin jiragen Dassault ya fara CATIA a 1977, kuma da ita aka zana Boeing 777 da ya fara tashi a 1994. A 1978 Colin Austin ya kafa Moldflow a Ostareliya, manhajar da ke nuna yadda narkakkiyar roba za ta kwarara cikin mazubi tun ba a yanki ƙarfe ba. AutoCAD ta fito a 1982, ta kai zanen ga ƙananan ofisoshi.

Bézier ya rasu a 1999, de Casteljau a 2022. Wanda ya riga ganowa masana kaɗai suka san shi, amma sunan Bézier ne a kan lanƙwasar har yau. Yaron da ke tsara bangon littattafanmu da CorelDRAW, in ya ja layi ya lanƙwasa shi, da kayan aiki mai wannan suna yake yi.

Abin lura gare mu marubuta, ilimin da aka kulle a durowa ba ya jiran mai shi. Wani zai gano, ya rubuta, sunansa ya zauna. Allah Ya sa mu dace.