Yadda lissafin kwamfuta ke rage dagwalo da gubar masana'antu, da abin da ya shafi Nguru da Gashuwa

Nguru da Gashuwa ba garuruwan manyan masana'antun sinadarai ba ne, amma ruwan da ke isa gare su ta wajen masana'antu yake biyowa. Kogin Chalawa, wanda dagwalon masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano ke kwarara cikinsa, yana haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Wani reshensa yana bi ta Marma zuwa Tafkin Nguru, wanda ya shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2000, sauran kuma ya gamu da Kogin Jama'are a kusa da Gashuwa.

An daɗe ana kokawa da yawaitar ciwon ƙoda a Gashuwa da kewaye. Masu bincike suna duba ruwan sha da ƙarafa masu guba da magungunan feshin gona, kuma ba a tabbatar da cewa dagwalon Kano ne sanadi ba. Duk da haka, masunta da manoman shinkafar yankin suna da ruwa da tsaki a kan duk abin da aka zuba a saman kogi.

A nan ne lissafin kwamfuta ya shigo. Maimakon a haɗa sinadari a ɗakin gwaji sannan a gane illarsa daga baya, sai a zana siffarsa a manhaja, ita kuma ta kwatanta shi da dubban sinadaran da aka riga aka san halinsu. Daga nan ta yi hasashen ko zai narke a ruwa, ko zai taru a jikin kifi, ko zai daɗe bai ruɓe ba. Tushen dabarar, wadda ake kira QSAR, yana cikin aikin Corwin Hansch na Amurka a farkon shekarun 1960. Dokar REACH ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2007, ta amince da irin wannan hasashe bisa sharuɗɗa.

Ɓarnar da ake son ragewa ba kaɗan ba ce. Ma'aunin da Roger Sheldon ya fitar a 1992 ya nuna cewa a harhaɗa magunguna, kowane kilo ɗaya yana iya barin kilo 25 zuwa sama da 100 na shara. Misalin da aka fi ambata shi ne na sitagiliptin, maganin ciwon sukari. Kamfanonin Merck da Codexis sun yi amfani da kwamfuta wajen sauya fasalin wani furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, har ya maye gurbin ƙarfen rodiyom, shara ta ragu da kashi 19 cikin 100. Aikin ya samu lambar yabo a Amurka a 2010.

A sana'ar jima matsalar ta fi fitowa fili. Fata ba ta shanye duk gishirin kuromiyom da ake zuba mata. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan bi ruwan wanki ya fita. Lissafin zafi da tsamin ruwa da tsawon lokacin jiƙo yana iya nuna wa majemi gwargwadon da fata za ta sha, ya rage asarar kuɗi da gubar a lokaci guda.

Sai dai manhaja ba ta wuce alƙaluman da aka ba ta. Yawancin bayanan da aka gina ta a kansu daga ƙasashe masu sanyi aka tattaro su, ba daga fadamar da ke cika da damina ta ƙafe da rani ba. Cibiyoyin NARICT da NILEST da ke Zariya, da hukumar NESREA mai sa ido kan dagwalo tun 2007, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, su ne ke kusa da aikin auna ruwan Haɗeja da Yobe a kowane lokaci na shekara.