Takarda da Rauji: Adana Tsofaffin Waƙoƙin Bege da na Soyayya a Ƙasar Katagum

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda Turai ta adana waƙoƙin soyayya da na wasan opera a takardun alamomin kiɗa da yadda Hausawa suka adana nasu. Ta nuna cewa takardar ajami tana riƙe da baiti da kari, amma rauji yana bakin mai rerawa, kuma samun takarda da masu rerawa ne ya sa waƙoƙin bege suka tsira fiye da na dandali a garuruwa irin su Bulkachuwa.

Gabatarwa

A Turai, tun ƙarni na 11 Guido na Arezzo ya daidaita rubuta sautin waƙa a kan layuka. A 1501 Ottaviano Petrucci ya buga kundin waƙoƙi a birnin Venis, sannan kamfanin Ricordi, wanda aka kafa a Milan a 1808, ya shahara da buga ayyukan opera na Verdi da Puccini. Duk wanda ya iya karanta alamomin zai rera waƙar Schubert ko da bai taɓa jin ta ba. A ƙasar Hausa ba a bi wannan hanya ba.

Abin da Takarda ke Riƙewa

Rubutacciyar waƙar Hausa ta bunƙasa a zamanin jihadi, a hannun su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u (1793–1864). Masarautar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta sami ilimi daga Sakkwato da kuma Barno da take maƙwabtaka da ita. A makarantun zaure na Azare da Bulkachuwa da sauran garuruwan yankin, kamar ko'ina a Arewa, malami kan kwafi waƙa da tawada da alƙalamin kara, ya adana a gafaka.

Abubuwa uku takardar ke nunawa: kalmomi, da tsarin baiti (ƙwar biyu ko ƙwar biyar), da amsa-amo. Wasulan ajami suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, don haka mai ilimin aruli zai iya fitar da kari. Galadanci (1975) da Hiskett (1975) sun nuna yadda waƙoƙin Hausa da dama suka hau karuruwan Larabci irin su Kamil da Basiɗ da Mutaƙarib. Sai dai kari awo ne kawai. Bai faɗi inda murya za ta hau ko ta sauka ba, kuma kari ɗaya yakan ɗauki rauji iri-iri.

Abin da Baki ke Riƙewa

Ɗalibi yana karɓar rauji ne ta sauraron malaminsa. Ishiriniya ta Alfazazi misali ce: matani ɗaya ne, amma rerawar takan bambanta daga zawiya zuwa zawiya. Maimaitawa a lokacin Mauludi da majalisun zikiri ita ce ta kiyaye waɗannan muryoyi. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Da baki ya tsara waƙoƙinsa, wasu suka rubuta. Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya (1977), yakan ɗora baitocinsa a kan karin waƙoƙin makaɗa, wanda ke nuna cewa alƙalami da baka suna aro daga juna.

Waƙoƙin Soyayya na Dandali

Waƙoƙin gaɗa da na kai amarya da na kiɗan kalangu ba su sami wannan gata ba. Malamai sun ɗauke su hululu, ba su ga dalilin ɓata musu takarda ba, masu yin su kuma galibi 'yan mata ne da makaɗa da ba sa rubutu. Kowace tsara tana sauya amshi da sunayen da ake ambata. Kaɗan daga waƙoƙin baka sun shiga littafi ta hannun baƙi, kamar Rudolf Prietze da ya buga tarinsa a 1916, daga baya Ames da King (1971) suka tattara kalmomin kiɗan Hausa. Faifan garmaho da rediyo da kaset su ne suka fara kama murya kanta, amma sun fi kai wa ga shahararru irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Zabiyar ƙauye ba ta cika samun mai ɗaukar muryarta ba.

Kammalawa

Tsohuwar takardar waƙa a ƙasar Hausa rabin shaida ce, sauran rabin yana wurin dattawan da suka karɓi raujinta. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna sun fi mayar da hankali ga matani. Binciken da ya dace da yankin Katagum shi ne wanda zai haɗa hoton takarda da ɗaukar muryar mai rera ta, tare da sunan malamin da ya koya masa, ya kuma naɗi waƙoƙin gaɗa daga bakin tsofaffin mata. Sassan Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da jami'ar jiha da ke Gaɗau su ne mafi kusa da wannan fage.